Ƙasar Da Ƙaura Ta Kwashe Rabin Mutanenta

Ku 'yan makaranta, in malaminku ya tambaye ku abin da ke sa mutanen ƙasa su yi yawa ko su ragu, yawancinku za ku amsa ku ce haihuwa da mutuwa. Kun faɗi gaskiya, amma da saura. Ƙasa kamar gida ce mai ƙofa. Waɗansu su kan fita ba su komo ba, waɗansu baƙi su kan shigo su zauna, a cikin gidan kuma akwai masu tashi daga wannan sashe su koma wancan. Masu ƙidayar mutane ba su gama lissafinsu sai sun sa waɗannan duka a ciki. To, babu ƙasar da ta fi dacewa a koyi wannan darasi a kanta kamar Ailan, don a can ne jama'a suka ragu har suka komo kusan rabi, har yau kuwa, bayan shekara fiye da 180, ba su komo yawansu na dā ba.

Ku buɗe taswira ku duba yamma da Ingila, za ku ga wani tsibiri, teku ya raba su. Shi ne Ailan. Tsawonsa kamar mil 300, faɗinsa kamar mil 170, watau ya ɗan fi Jihar Neja ta Nijeriya girma. An raba shi lardi 4, cikinsu akwai gunduma 32. Ƙasa ce mai yawan ruwan sama da ɗanyar ciyawa. Gabashinta na da ƙasar noma mai kyau, amma yammacinta duwatsu ne da fadamu masu laka, sai da wahala a ke samun abinci a ciki. Ku riƙe wannan bambanci na gabas da yamma, za ku ga amfaninsa nan gaba.

BAƘIN DA SUKA MALLAKI ƘASA

Labarin ya soma ne da shigowar baƙi. Cikin 1607 manyan sarakunan arewacin tsibirin, watau lardin Ulster, bayan sun sha kashi a hannun Ingilishi, suka shiga jirgi suka gudu ƙasashen Turai. Sai Sarkin Ingila, James na Ɗaya, ya karɓe ƙasashensu, daga 1609 ya shiga raba su ga mutanen da aka kawo daga Sikotilan da Ingila. Baƙin nan da 'yan ƙasa duk Kirista ne, amma ɗarikarsu ba ɗaya ba. 'Yan ƙasa Katolika ne, harshensu Gelik, baƙi kuwa Furotesta ne, suna magana da Turanci.

Bayan wannan, cikin 1649, Oliver Cromwell ya zo da mayaƙansa ya ci tsibirin da yaƙi. Aka umurci masu ƙasa na Katolika da yawa su tashi su ƙetare kogin Shannon, su koma lardin Connacht, can yamma inda duwatsun nan su ke. Wannan ita ce ƙaurar dole ta cikin gida. Kafin 1703 abin da ya rage a hannun Katolika bai wuce kashi 14 cikin 100 na ƙasar noma ba, ko da ya ke su ne mafi yawan jama'a. Talakawa suka zama masu haya a gonakin kakanninsu, suna biyan kuɗi ga iyayen gida, waɗansunsu ma suna zaune a Landan, ba su taɓa ganin gonakin ba. Cikin 1801 aka haɗa Ailan da Biritaniya, aka rufe majalisar Dablin, mulki duk ya koma Landan.

DANKALI DA YAWAN JAMA'A

Kun san dankalin Turawa da a ke nomawa a kan tudun Jos, wanda 'yan kasuwa ke kira arish. Daga sunan mutanen Ailan ya samo wannan suna, amma asalinsa daga duwatsun Amurka ta Kudu ne. Da ya iso Ailan sai ƙasar ta karɓe shi ƙwarai. Ya kan yi ko a ƙasa mai duwatsu, eka ɗaya ko biyu kuwa ta kan ci da miji da mata da 'ya'yansu. Saboda haka talaka ya kan shuka alkama ko ya yi kiwon alade don ya biya kuɗin haya, shi da iyalinsa kuwa su ci dankali da madara safe da rana da dare. Ƙato ɗaya mai aikin gona ya kan ci har laba 14 a yini.

Da abinci ya samu haka, sai samari suka riƙa yin aure da wuri, uba ya yanka wa kowane ɗa 'yar gona daga tasa, ɗan kuma ya yanka wa nasa 'ya'yan. Wajen 1750 mutanen tsibirin ba su wuce miliyan 3 ba, amma da aka yi ƙidaya cikin 1841 sai aka sami mutum 8,175,124. A shekaran nan mutanen Ingila da Wales duka kamar miliyan 16 ne, watau Ailan ta kai rabinsu. Cikin jama'an nan kamar miliyan 3 ba su da wani abinci sai dankali, yawancinsa kuma iri ɗaya ne. Hausawa na cewa gida biyu maganin gobara. Mutanen nan gidansu ɗaya ne tak.

BABBAR YUNWA

Cikin watan Satumba na 1845 wata cuta mai kama da funfuna, wadda jiragen ruwa suka ɗauko daga Amurka, ta faɗa wa dankali. Ganye ya yi baƙi, in an tona ƙasa sai a tarar 'ya'yan sun ruɓe suna ɗoyi. A shekarar farko ta ɓata fiye da sulusin amfanin gona, cikin 1846 ta kusa cinye shi duka. Cikin 1847 cutar ta lafa, amma mutane sun riga sun cinye iri, ba a shuka abin kirki ba. Cikin 1848 ta sake komowa.

Gwamnatin Landan ta yi waɗansu abubuwa, amma ba su isa ba. Firayim Minista Robert Peel ya sayo masara ta fam 100,000 daga Amurka. Wanda ya gaje shi, John Russell, da babban ma'aikacin baitulmali mai kula da agaji, Charles Trevelyan, suna ganin bai kamata Gwamnati ta sa hannu cikin harkar kasuwa ba. Saboda haka aka sa mayunwata aikin fasa dutse da gyaran hanya a kan ɗan lada kaɗan, jirage kuwa suna ta fita da hatsi da shanu daga tashoshin Ailan zuwa Ingila. Cikin tsakiyar 1847 aka buɗe gidajen dafa abinci, har suka riƙa ci da mutum miliyan 3 a yini, amma kafin shekara ta ƙare aka rufe su. A wannan shekara kuma aka yi doka, cewa duk wanda ke riƙe da gona da ta wuce rubu'in eka ba shi da rabo cikin agaji sai ya sake ta. Dubban mutane suka saki gonakinsu don su sami abin sa wa a baka, waɗanda suka kāsa biyan haya kuwa aka kore su, aka kware rufin ɗakunansu don kada su komo.

Taimako ya zo daga nesa. Sarkin Musulmi na Istambul, Abdulmajid, ya aiko da fam 1,000. Wata kabilar Indiyawan Amurka, Choctaw, waɗanda su kansu ba a daɗe da korarsu daga ƙasarsu ba, suka tara 'yan kuɗinsu suka aiko. Duk da haka kamar mutum miliyan 1 suka mutu. Yawancinsu cuta ce ta kashe su bayan yunwa ta raunana su, watau zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa, da atuni, da kwalara. Ƙidayar 1851 ta sami mutum 6,552,385 kaɗai.

JIRAGEN MAKARA

Abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Mutanen da ba su taɓa wuce kasuwar garinsu ba suka sayar da abin da ya rage musu suka nufi bakin teku. Masu ɗan hali suka biya kuɗin jirgi zuwa Amurka, marasa hali suka ƙetare zuwa Libaful da Gilasgo. Cikin 1847 kaɗai kusan mutum 300,000 suka sauka a Libaful daga Ailan, waɗansu suka zarce, waɗansu suka maƙale nan. Kafin 1851, cikin mutum biyar na birnin, fiye da ɗaya haifaffen Ailan ne.

Hanyar Kanada ta fi araha, ita ce kuma ta fi hatsari. Jiragen da ke kawo katako daga Kanada, maimakon su koma wofi, sai su cika cikinsu da mutane. A kan yi kamar mako shida a kan teku, cikin duhu da cunkoso, ga ƙarancin ruwan sha, ga zazzaɓi na bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Don haka aka sa musu suna jiragen makara. A bakin kogin St. Lawrence akwai wani ɗan tsibiri, Grosse Île, inda a ke tsare masu zuwa a duba lafiyarsu. Cikin 1847 an binne mutum fiye da 5,000 a wurin. Daga 1845 zuwa 1855 kamar mutum miliyan 2 suka bar Ailan.

HANYA TA BUƊE

Ga wurin da ya kamata ku tsaya ku yi tunani. Yunwa ta ƙare wajen 1852, dankali ya komo, haihuwa kuma ta ci gaba da fin mutuwa yawa kowace shekara. In da haihuwa da mutuwa kaɗai ke aiki, da jama'a sun sake yawa cikin shekara talatin ko arba'in. Amma kowace ƙidaya sai a tarar sun ragu, har 1911 suka komo 4,390,219. Me ya jawo haka?

Dalili na fari shi ne, wanda ya riga ya tafi shi ke share wa na baya hanya. Yarinya ta isa Bostan ta sami aikin gida, sai ta tara albashinta ta aiko wa ƙanenta da takardar jirgi, shi kuma in ya sami aikin haƙa ko na shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ya aiko wa na bayansa. Wanda zai tafi ya san gidan da zai sauka, ya san wanda zai nema masa aiki. Tafiyar da dā ta ke abin tsoro ta zama al'ada, har yaro ya tashi da sanin cewa a Amurka zai yi gemu. Kafin 1855 kamar rubu'in mutanen birnin Niyu Yok haifaffun Ailan ne. Ran 1 ga Janairu, 1892, da aka buɗe tashar karɓar baƙi ta tsibirin Ellis a bakin birnin, wadda aka fara rubuta sunanta wata yarinya ce daga Cork, Annie Moore. Daga 1820 zuwa 1930 kamar mutum miliyan 4 da rabi suka shiga Amurka daga Ailan. Waɗansu kuma suka tafi Ostareliya da Niyu Zilan da Ajantina. Wajen 1890, cikin mutum biyar da aka haifa a Ailan, biyu suna zaune a ƙasashen waje.

Daren da mutum zai tashi, dangi da maƙwabta su kan taru a gidansu, a ci, a sha, a yi rawa, gari na wayewa a ɓarke da kuka. Sun kira wannan taro zaman makokin Amurka, domin sun san da wuya a sake ganin fuskar mai tafiya.

Dalili na biyu shi ne, hanyar noma ta sake. Masu ƙasa suka ga kiwon shanu da tumaki ya fi riba, suka haɗe ƙananan gonaki suka mai da su makiyaya. Garken shanu kuwa mutum biyu sun isa su kula da shi a filin da dā ya ke ci da gida ashirin. Manoma su ma suka ɗauki darasi, suka daina yanka gona, sai ɗa ɗaya ya gaje ta duka. Sauran 'ya'ya fa? Babu masana'antu a kudu da yamma da za su ɗauke su, sai jirgi.

WAƊANDA AKA BARI A GIDA

Ƙaura ba ta ɗaukar mutane daidai wa daida. Samari da 'yan mata ta ke zaɓa, masu shekara goma sha takwas zuwa talatin, waɗanda su ne za su yi aure su haifu. A Ailan kuwa, ba kamar yawancin ƙasashen Turai ba, mata sun fita kusan daidai da maza. Saboda haka duk yarinyar da ta shiga jirgi ta tafi ne da 'ya'yanta da jikokinta da ba a haifa ba tukuna. Aka bar ƙauyuka da tsofaffi. Ɗan da zai gaji gona ya kan jira har uban ya tsufa kafin ya yi aure, wani sai ya kai shekara arba'in, wani ma ba ya yi sam. Cikin shekarun 1930, a mata huɗu da suka kai shekara hamsin, kamar ɗaya ba ta taɓa yin aure ba, gwauraye maza kuwa sun fi haka yawa.

Harshe ma ya sha wuya. Yunwa da ƙaura sun fi tsanani a yamma, inda masu Gelik suka fi yawa. Iyaye kuma, da suka ga 'ya'yansu Amurka ko Ingila za su, sai suka matsa musu su koyi Turanci. Kafin yunwa masu Gelik miliyoyi ne, cikin 1851 aka ƙidaya kamar miliyan 1 da rabi. Ko da ya ke ana koyar da shi a makarantu, ƙidayar 2022 ta sami kamar mutum 72,000 kaɗai da ke magana da shi kullum a wajen makaranta.

Amma waɗanda suka fita ba su manta da gida ba. Michael Davitt, wanda aka haifa a gundumar Mayo cikin 1846, yana ƙaramin yaro aka kori iyayensa daga gonarsu suka koma Ingila, yana da shekara 11 injin masaƙa ya cinye masa hannun dama. Shi ne ya komo cikin 1879 ya kafa ƙungiyar neman haƙƙin manoma, kuɗin da ta yi aiki da su kuwa da yawa daga Amurka suka fito. Sannu a hankali aka yi dokoki, babbar cikinsu ta 1903, manoma suka saye gonakin da su ke haya. Éamon de Valera, wanda ya daɗe yana shugabancin ƙasar bayan ta sami mulkin kai, a Niyu Yok aka haife shi cikin 1882. John F. Kennedy kuwa, da aka zaɓa Shugaban Amurka cikin 1960, tattaɓa-kunnen waɗanda suka gudu a zamanin yunwa ne. Cikin 1963 ya ziyarci ƙauyen kakanninsa a gundumar Wexford. A Amurka mutum fiye da miliyan 30 ke cewa asalinsu daga Ailan ne.

DAGA YAMMA ZUWA GABAS

Yanzu sai mu duba masu tashi daga wannan sashe na gida su koma wancan. Tun dā talakawan yamma sun saba da ci-rani. Su kan tafi girbi gonakin gabas ko na Sikotilan, su komo da kuɗin haya. Amma birane suka riƙa riƙe waɗansu. Belfas, a lardin Ulster, ta sami masaƙun lilin da wuraren ƙera jiragen ruwa, a can ne ma kamfanin Harland and Wolff ya ƙera jirgin nan Titanic da ya nutse cikin 1912. Wajen 1800 mutanen Belfas kamar 20,000 ne, cikin 1901 sun kai 349,000, har sun fi na birnin Dablin. Ku lura, a daidai lokacin da ƙasa ke zubewa, wannan birni yana ta kumbura.

Cikin 1921 aka raba tsibirin. Gunduma 6 na arewa maso gabas, inda zuriyar baƙin 1609 suka fi yawa, suka zauna tare da Biritaniya, su ne Ailan ta Arewa. Sauran 26 suka sami mulkin kansu cikin 1922, daga baya suka zama Jamhuriyar Ailan. Kun ga ƙaurar da aka yi shekara 300 baya ita ce ta ja iyakar ƙasa.

Mulkin kai bai tsai da fita ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila na neman magina da ma'aikatan jinya, tsakanin 1951 da 1961 mutum kamar 400,000 suka bar Jamhuriya. Cikin 1953 Gwamnati ta kwashe mutum 22 da suka rage a tsibirin Great Blasket ta kawo su tudu, domin babu sauran samarin da za su tuƙa kwalekwale. Ƙidayar 1961 ta sami mutum 2,818,341 a gundumomin nan 26, inda cikin 1841 akwai fiye da miliyan 6 da rabi. Gundumar Leitrim ta faɗo daga 155,000 cikin 1841 zuwa 25,000 cikin 1996. Mayo ta faɗo daga 388,000 zuwa 109,000 cikin 1971. Gundumar Dablin kuwa ta tashi daga 372,000 cikin 1841 zuwa 1,458,000 cikin 2022. Dā ba ta kai kashi 6 cikin 100 na mutanen gundumomin 26 ba, cikin 2022 ta kai kashi 28.

KIƊA YA SAKE

Da shugabanni suka ga ƙasa na neman zama kufai, sai suka sake dabara. Cikin 1958 wani babban ma'aikacin baitulmali, T. K. Whitaker, ya rubuta shawara cewa a daina rufe ƙofa ga 'yan kasuwan waje, a jawo su su kafa masana'antu. Seán Lemass, da ya zama Firayim Minista cikin 1959, ya bi wannan shawara. Cikin 1967 aka mai da karatun sakandare kyauta, aka sa motoci suna ɗauko yaran ƙauye. Cikin 1973 ƙasar ta shiga ƙungiyar kasuwancin Turai. Kamfanin Apple ya buɗe ma'aikata a Cork cikin 1980, Intel ya zo cikin 1989, Google cikin 2003. Abin da ya jawo su shi ne sauƙin haraji, da hanyar shiga kasuwar Turai, da samari masu ilmi masu jin Turanci.

Abin bai tafi sumul ba. Cikin shekarun 1980 aiki ya yi wuya, samari suka sake fita, haka kuma bayan karyewar bankuna ta 2008. Amma daga 1996 masu shigowa suka soma fin masu fita yawa, suka yi shekara goma sha wani abu a haka. Da fari 'yan ƙasa ne ke komowa da iyalansu, sa'an nan baƙi suka biyo. Cikin 2004, da ƙasashe 10 suka shiga Tarayyar Turai, Ailan da Biritaniya da Suwidin ne suka buɗe wa ma'aikatansu ƙofa nan da nan. Kafin 2011 akwai mutanen Folan fiye da 122,000 a Jamhuriya, da 'yan Nijeriya fiye da 17,000. Cikin 2007 garin Portlaoise ya zaɓi Rotimi Adebari, mutumin Nijeriya, ya zama magajin gari, shi ne baƙar fata na fari da ya riƙe irin wannan muƙami a ƙasar. Cikin 2017 Leo Varadkar, wanda ubansa likita ne daga Indiya, ya zama Firayim Minista. Musulmi, da ba su kai 4,000 ba cikin 1991, sun wuce 81,000 cikin 2022. A Mayo ɗin nan da ta zube, a garin Ballyhaunis, ma'aikatan wata mayanka da suka zo daga Pakistan da ƙasashen Larabawa sun gina masallaci tun kafin 1990. Bayan yaƙi ya tashi a Yukiren cikin 2022, 'yan gudun hijira fiye da 100,000 suka zo.

Ƙidayar 2022 ta sami mutum 5,149,139 a Jamhuriya, ɗaya cikin biyar a waje aka haife shi. Ta Ailan ta Arewa, cikin 2021, ta sami 1,903,175, a nan ne kuma aka fara ganin waɗanda suka tashi a gidajen Katolika sun fi na Furotesta yawa.

Zuwan baƙi ya zo da nasa nauyi. Tun da yawancinsu Dablin da kewayenta su ke nufa, inda 'yan ƙasa ma ke tururuwa, gidaje suka yi ƙaranci, haya ta yi tsada, har waɗansu samarin ƙasar suka sake kama hanyar Ostareliya da Kanada. Cikin 2004 aka jefa ƙuri'a aka soke dokar da ke ba duk jaririn da aka haifa a tsibirin haƙƙin ɗan ƙasa. Cikin Nuwamba na 2023 aka yi tarzoma a tsakiyar Dablin, masu ƙin baƙi suka ƙone motoci. Da yawa cikin mutanen ƙasar suka tuna wa 'yan'uwansu cewa irin wannan ƙiyayya ce kakanninsu suka tarar a Bostan da Libaful. Ga shi kuma asibitocinsu sun dogara ƙwarai ga likitoci da ma'aikatan jinya daga Indiya da Filifin da Pakistan da Sudan da Nijeriya.

LISSAFI

To, ku ɗauko allo ku haɗa 5,149,139 da 1,903,175. Za ku sami 7,052,314. Ku ɗebe wannan daga 8,175,124 na 1841, za ku ga da sauran giɓi na mutum fiye da miliyan 1. Ingila da Wales kuwa, da dā Ailan ta kai rabinsu, sun kusa miliyan 60 cikin 2021, watau sun ninka ta fiye da sau takwas.

Cutar dankali ta yi shekara bakwai ne kawai, amma fitar da ta jawo ta wuce shekara ɗari, domin yunwa ce ta buɗe hanya, rashin aiki a gida ya hana ta rufuwa. Ba a kuwa tare mutane da doka ko da roƙo ba. Sai da aka gina makarantu, aka samar da aikin yi, sa'an nan masu fita suka ragu, har waɗansu suka soma shigowa. Saboda haka in kuka ga an buga yawan mutanen wata ƙasa ko wani gari, kada ku tsaya ga jimla kaɗai. Ku tambaya su wane ne suka fita, shekarunsu nawa, me ya kore su, su wane ne suka shigo, a wane sashe kuma suka zauna. Wanda ya iya amsa waɗannan tambayoyi ya san yadda garin zai kasance lokacin da yaran da ke aji ɗaya yau za su zama masu gida.